Walter Dandy, Likitan da Ya Sa Iska Ta Nuna Inda Ƙari Yake

Duk majinyacin da aka ɗauko daga Tsafe ko Bunguɗu, aka bi da shi ta Gusau zuwa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ba za a taɓa kansa da wuƙa ba sai an ga hoto. Kafin 1918 kuwa, sau da yawa lalube ake yi, domin hoton ƙashi ba ya nuna ƙwaƙwalwa.

Wanda ya sauya wannan shi ne Walter Dandy, ɗan direban jirgin ƙasa, haifaffen Sedalia ta Amurka a 1886. Ya gama karatun likita a Johns Hopkins a 1910, ya yi aiki ƙarƙashin Harvey Cushing, amma jininsu bai haɗu ba. Dabararsa ita ce a huda ƙoƙon kai, a zuƙe ruwan da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa, a cusa iska a madadinsa. Iska tana fita a hoto, don haka duk inda ƙari ya danne kogon sai a gani. Majinyata sun sha azaba, amma an ci moriyar dabarar har zuwan na'urar CT a shekarun 1970.

Sai dai hoton bai nuna masa iyakar mugun ƙari mai yaɗo ba. A 1928 ya ba da rahoton majinyatan da ya cire wa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa. Har wanda ya fi daɗewa cikinsu, ciwon ne ya dawo ya kashe shi.

Dandy ya mutu a Baltimore cikin Afrilun 1946.