Chari Maigumeri: Sojan da Jamus da Ingila suka ba lambar yabo

A zamanin da Gashaka da tsaunin Mambila na Jihar Taraba ta yau ke ƙarƙashin mulkin Jamus, wani matashi ɗan ƙasar Borno, Chari Maigumeri, ya shiga rundunar Jamusawa ta Kamaru a 1913. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya gwabza da dakarun Ingila, kuma an ruwaito cewa bajintarsa ta sa aka ba shi lambar Gicciyen Ƙarfe mai daraja ta biyu, matakin da soja ke fara takawa kafin ya kai ga ta ɗaya.

Da Garwa ta faɗi a 1915, ya shiga hannun Turawan Ingila. A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na dā.

Yana samanja ya halarci Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da Bama, inda Ingila ma ta karrama shi da lambobin yabo. Ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Har yau barikin soja na Lokoja na ɗauke da sunansa.