Ibn al-Awwam na Ishbiliya, malamin da ya gwada iri kafin ya rubuta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, idan aka ambaci malaman Andalus, ɗalibanmu sukan kawo Ibn Abdil Barr da Ƙurɗubi da Shaɗibi. Yau za mu ƙara musu wani wanda gona ce makarantarsa: Abu Zakariyya Yahaya ɗan Muhammadu ɗan Ahmadu, wanda aka sani da Ibn al-Awwam. Ya rayu a ƙarni na 6 na Hijira, wato ƙarni na 12 na Miladiyya, a Ishbiliya da ke ƙasar Sifen ta yau, lokacin mulkin Muwahhidai. Yana noma a Asharaf, tudun zaitun da ke yamma da birnin, can ya yi gwaje-gwajensa na ban ruwa da auren itatuwa.

Abin da ya bari shi ne Kitabul Filaha, mai babi 34. Talatin na farko a kan ƙasa da taki da ruwa da shuke-shuke, huɗun ƙarshe a kan kiwon dabbobi da kaji da zuma. Ya yi bayanin tsirrai kusan 585, ya ɗauko maganar marubuta fiye da ɗari, daga Girkawa da Rumawa da mutanen Iraƙi na dā har zuwa 'yan ƙasarsu irin su Ibn Bassal da Abul Khair. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane tarbiyyar da ke cikin aikin. Kowace magana yakan jingina ta ga mai ita. Idan abu ne da ya gwada da hannunsa, sai ya sa masa alama cewa wannan nasa ne. Ibn Khaldun ya ambace shi a Muƙaddima a matsayin wanda ya taƙaita littafin noman Nabaɗawa, aka bar abin da ya shafi sihiri a cikinsa. A ganinmu aikin ya wuce taƙaitawa, domin mai taƙaitawa ba ya fita gona ya ga ko maganar ta tsira.

Inda muka fi so mu tsaya shi ne maganarsa kan irin alkama da sha'ir. Ya yi bayanin yadda ake zaɓen iri, da tsirar da kaɗan daga cikinsa kafin shuka don a rarrabe lafiyayye da wanda ya lalace, da lokacin shuka, da yawan irin da kowace ƙasa ke ɗauka. Manomin alkama a lambunan Ayar ko fadamun Ƙonni ya san nauyin wannan. Sanyin hunturu ba ya jiran kowa. Idan iri ya ƙi fitowa, kafin a gane a sake shuka lokaci ya tafi, ga bashin taki da na mai yana nan. Shi ya sa wanda ya sayar da mataccen iri yana sane, ha'incinsa ya fi na mai tauye mudu, don shekara guda ya ci wa ɗan uwansa.

Masana na yau sun gano wani ɓangare na sirrin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayar alkama idan ta tsaga, tsironta yana fitowa ne cikin wani ɗan kube mai tsini da ke huda ƙasa, yana kare ganyen farko har ya ga haske. Tsawon kuben nan gado ne, kowane iri da nasa. A tsakiyar ƙarni na 20 aka ɗauki halin gajarta daga wata alkamar Japan mai suna Norin 10, Norman Borlaug da abokan aikinsa a Meziko suka sa shi cikin sababbin iri. Alkama ta gajarta, ta daina kwanciya idan ta sha taki, amfani ya ƙaru ƙwarai a Indiya da Pakistan. Amma ƙwayoyin gadon da suka gajarta kara sun gajarta kuben ma. A wuraren fari, inda dole a zurfafa shuka don a kai ga danshi, sai ganye ya buɗe tun yana cikin ƙasa, ya mutu bai fito ba. Yanzu masu binciken iri, musamman a Ostareliya, suna aiki da wasu ƙwayoyin gadon da ke ba da gajeren kara tare da dogon kube. Ibn al-Awwam bai san sunan ƙwayar gado ba, amma tambayar da ya sa manomi ya yi ita ce ake yi har yau: wannan iri, a wannan ƙasa, zai fito?

Ishbiliya ta fita hannun Musulmi a 1248. Littafin ya tsira a rubutun hannu a ɗakin karatu na Eskoriyal, har aka buga shi da Larabci da fassarar Sifaniyanci a Madrid a 1802, don manoman Sifen su amfana. Fassarar Faransanci ta biyo baya daga 1864, saboda haka ɗalibinmu mai Larabci da mai Faransanci duk suna iya karanta shi.

Allah ya jiƙan Abu Zakariyya, ya sanya albarka a gonakinmu.