Cali Mai Kwagiri: Mutumin da Yunwa ta Koya wa Ban Dariya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wani Bature wanda ya mutu tun ba a ɗaura auren iyayena ba, amma duk da haka ba a yin hutu bai shigo gidanmu ba. Sunansa Charlie Chaplin, mu kuwa a gida Cali mu ke ce masa.

A gidanmu in an yi sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ƙannena su ɗauko ludo, wani lokaci mu yi ta kacici-kacici, in Kaka tana jin nishaɗi ta yi mana tatsuniya har barci ya kwashe ƙananan. Ana nan, a wani dogon hutu, sai yayana ya dawo daga jami'a da kwamfutarsa cike da waɗansu finafinai na ban mamaki. Tsofaffi ne ƙwarai, baƙi da fari, ba a kuwa magana a cikinsu sai kiɗa. Da farko dariya mu ka yi wa Yaya, mu ka ce ya rasa abin kallo sai na bebaye. Ya ce mu dai zauna mu gani.

Wanda ya fara sa mana sunansa The Gold Rush, labarin masu neman zinariya. Wani ɗan tsurut ne mai guntun gashin baki, da 'yar malafa, da kwagiri, da waɗansu takalma zaƙo-zaƙo. Dusar ƙanƙara ta rutsa da shi da wani ƙato a cikin bukka, abinci ya ƙare. Sai ya tuɓe takalminsa ɗaya ya dafa a tukunya, ya juye a faranti, yana zuba masa romo kamar mai kwasar naman salla. Ƙaton ya ƙwace fatar sama, ya bar masa tafin. Shi kuwa ya zauna cikin natsuwa ya naɗe igiyar takalmin da cokali mai yatsu kamar taliya, yana tsotsar ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya kamar ƙashin kaza. Kai, mun yi dariya har ƙanwata ta faɗi daga kan kujera 'yar tsugunne.

Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da aka gama sai ta ce mana wanda ya shirya wannan wasa ya san yunwa da cikinsa, ba labarinta ya ji ba. Ta ba mu labarin farin 1973, lokacin tana budurwa a ƙauye, yadda shanu su ka yi ta mutuwa, har mutane su ka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman hatsi. Ta ce mai jin yunwa na gaske ba ya ihu, gyara zama ya ke yi, ya ci ɗan abin da ya samu da ladabi don kada a gane halin da ya ke ciki. Ni kuwa na ce haba Kaka, ina Bature ya san yunwa? Ta ce tun da ni ne ɗan makaranta, in je in bincika.

Ban bincika ba. Abin da na yi da aka koma makaranta shi ne abin da ya sa na ke rubuta wannan. Akwai wani yaro da ke zuwa da takalman da su ka fi ƙarfin ƙafarsa, in yana tafiya suna fal-fal. Ni ne na fara kiransa Cali, na kwaikwayi tafiyarsa, yara su ka tuntsire da dariya, sunan ya bi shi. Sai bayan wata biyu, da malamin Hausa ya ce kowa ya rubuta tarihin wani mashahuri, sa'an nan na shiga laburare na nemi tarihin Cali na ainihi. Ga abin da na tarar.

An haifi Cali a birnin Landan ran 16 ga Afrilu, 1889. Ubansa da uwarsa duka mawaƙa ne a gidajen wasa. Uban mashayi ne, ya rabu da iyalinsa tun Cali yana ƙarami, giya kuwa ita ta kashe shi a 1901. Uwar, Hannah, ita ta riƙe Cali da wansa Sydney, wanda su ke uwa ɗaya. Cali da kansa ya ba da labari cewa yana ɗan shekara 5 muryar uwarsa ta shaƙe tana cikin waƙa a gaban sojoji a garin Aldershot, aka yi mata ihu, sai aka turo shi dandamali ya ƙarasa waƙar, mutane su ka yi ta jefo masa kwabbai. Daga nan waƙa ta gagari uwar, ta koma ɗinki, wanda bai isa ya ciyar da su ba.

A 1896, Cali yana da shekara 7, talauci ya kai su gidan gajiyayyu na Lambeth. A irin waɗannan gidaje raba uwa da 'ya'yanta a ke yi. Daga can aka tura shi da wansa makarantar marayu da marasa galihu ta Hanwell. A 1898 uwar ta sami taɓin hankali, aka kai ta asibitin Cane Hill. Ta warke ta fito, amma a 1903 ciwon ya dawo. Allah Sarki! Cali, yaro ɗan shekara 14, shi ya kama hannun uwarsa ya kai ta asibiti, ya dawo ya yi kwanaki shi kaɗai yana neman abin sa wa a baka, har wansa ya dawo daga aikin jirgin ruwa. Da na karanta wannan wuri sai na tuna da maganar Kaka.

Karatunsa bai yi nisa ba, gama tun yana wajen shekara 10 ya shiga wata ƙungiyar yara masu rawa, suna yawo gari gari. A 1908 wansa ya samo masa aiki a ƙungiyar 'yan wasan ban dariya ta Fred Karno, wadda ta tafi da shi Amurka a 1910. A can ne masu kamfanin fim na Keystone su ka gan shi, su ka ɗauke shi a 1913 a kan dala 150 a mako. A farkon 1914 ya haɗa kayan nan da duniya ta san shi da su. Kome ya sa sai ya saɓa wa ɗan'uwansa: wando burgujeje, kwat matsattsiya, malafa ƙarama, takalma manya. Ya manna gashin baki don a ɗauka shi babba ne. Wanda ya fito daga cikin waɗannan kaya shi ne fakirin da ba shi da gida, ba shi da ko anini, amma yana ɗaga malafa yana gaisuwa kamar ɗan sarauta.

Kafin a ce me, sunansa ya game duniya. A 1916, yana da shekara 26, kamfanin Mutual ya ɗauke shi a kan dala 670,000 a shekara. A 1919 shi da abokansa uku, watau Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith, su ka kafa nasu kamfanin, United Artists, don kada wani ya riƙa juya su. Shi ke tsara labari, shi ke ba da umurni, shi ke fitowa, daga baya har kiɗan ma shi ya riƙa shiryawa. A 1921 ya kawo uwarsa Amurka, ya kula da ita har ta rasu a 1928.

Amma dukiya ba ta mantar da shi mafari ba. Ku dubi finafinansa. A cikin The Kid, na 1921, fakirin ya tsinci jariri an yar, ya rene shi. Da yaron ya tasa sai su ka ƙulla sana'a: yaro ya jefi gilashin taga ya fasa, uban riƙo ya ɓullo da sabon gilashi a baya kamar ba su san juna ba. Ana cikin dariya sai ga ma'aikata sun zo ɗaukar yaron zuwa gidan marayu, yana miƙa hannu yana kuka daga bayan mota. Wanda aka raba da uwarsa yana ɗan shekara 7 ba sai an koya masa wannan kuka ba. The Gold Rush, wanda mu ka fara gani, a 1925 ya fito, takalmin nan kuwa da baƙar alewa aka yi shi. A cikin Modern Times, na 1936, lebura ne a masana'anta, yana ɗaure noti da sifana tun safe har hannunsa ya kasa tsayawa, ya fita titi yana neman ɗaure maɓallan rigunan mutane.

Tun 1927 aka fara finafinai masu magana, amma Cali ya daɗe yana turjewa. Dalilinsa shi ne, fakirin nan kowa yana fahimtarsa, da ya buɗe baki kuwa ya zama na masu jin Turanci kaɗai. Na ga gaskiyar wannan a tsakar gidanmu. Da mu ka kalli City Lights, na 1931, labarin makauniya mai sayar da furanni wadda ta ɗauka fakirin attajiri ne, Kaka da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci ita ta riga kowa gane inda labarin ya dosa.

Sai a 1940 ya yi fim mai magana sosai, The Great Dictator, inda ya mai da Hitila na Jamus abin dariya, alhali a lokacin Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna. Kwana huɗu ne tsakanin haihuwar Cali da ta Hitila, ga gashin bakinsu iri ɗaya. Cali ya fito a matsayi biyu, azzalumin shugaba da wani talaka Bayahude mai aski. Akwai inda shugaban ke wasa da taswirar duniya da aka hura kamar balan-balan, yana cilla ta sama yana caɓewa, har ta fashe a hannunsa.

To, kada ku ɗauka mutum ne marar aibi. Mutum tara ya ke, bai cika goma ba. Yana da tsanani ga masu yi masa aiki, yakan sa a maimaita fitowa ɗaya har sau ɗaruruwa. Aure huɗu ya yi, biyu na farko kuwa da 'yan mata ƙanana ƙwarai, su ka ƙare da rigima da tonon asiri a jaridu. Sai aurensa da Oona O'Neill a 1943 ne ya ɗore, su ka haifi 'ya'ya 8.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin Amurka su ka zarge shi da goyon bayan kwaminisanci, ga shi kuma bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasar ba. A watan Satumba na 1952 ya shiga jirgin ruwa za shi Landan don buɗe fim ɗinsa Limelight, yana tsakiyar teku aka soke izninsa na komawa. Wanda ya yi kusan shekara 40 yana ba su dariya, ga shi an rufe masa ƙofa. Ya koma ƙasar Suwizalan da iyalinsa, ya zauna kusa da garin Vevey. Sai a 1972 ya sake taka Amurka, aka ba shi lambar girma ta Oscar, jama'a su ka miƙe suna tafi har minti 12. A 1975 Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sa. Ya mutu ran 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88. Ko a kabari bai huta nan da nan ba, don a watan Maris na 1978 waɗansu mutum biyu su ka sace akwatin gawarsa suna neman kuɗi. Bayan kamar mako 11 aka samo shi binne a wata gona, aka mayar, aka zuba kankare a kai. Gidansa yanzu ya zama gidan tarihi, tun 2016.

Da na gama karatun nan jikina ya yi sanyi. Na lura cewa a duk finafinan Cali, ba fakirin a ke wulakantawa ba. Ɗan sanda mai cin zali, da attajiri mai girman kai, da shugaba mai kama-karya, su ne ke shan kunya. Takalman nan manya shi ya sa wa kansa, don ya san zafinsu. Ni kuwa, wanda ban taɓa kwana da yunwa ba, na ɗauki sunansa na jefi wanda ba shi da zaɓi. Daga baya na ji takalman na wansa ne, su kaɗai ne a gidan.

Na same shi shi kaɗai na roƙe shi gafara. Bai ce kome ba da farko, sa'an nan ya ce ya yafe. Amma suna in ya fita baki ba ya komawa, har yau akwai masu kiransa da shi. Saboda haka ina roƙonku, 'yan'uwana, ni da na fara na bari, ku ma ku bari.

Da na je gida hutu na gaya wa Kaka cewa ita ke da gaskiya, na ba ta tarihin tun daga gidan gajiyayyu. Ta yi shiru, ta ce Allah Sarki, maraya. Sa'an nan ta ce wa Yaya ya sake sa mata na takalmin nan. A wannan karo ita ma ta yi dariya.

Iyayenmu, in an yi hutu ku zauna da mu a tabarma ɗaya, ko tatsuniya ce, ko ludo, ko irin wannan kallo, gama abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Nan zan dakata. Allah ya sa mu dace, amin.