Namoda, Jarumin Alibawa

Yawancinmu mun san Ƙauran Namoda da cewa nan ne ƙarshen hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso garin a 1929. Amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi ko wane ne mutumin da garin ya ci sunansa.

Muhammadu Namoda Bafillace ne daga cikin Alibawa, waɗanda ke zaune a gabashin Zamfara, wajen Zurmi. Sa'ad da aka ɗaura jihadi a 1804, shi ne ya zama shugaban yaƙinsu. A lokacin nan jama'ar Shehu Usmanu na cikin tsanani ƙwarai. An yi musu ɓarna a Tsuntsuwa a 1804, aka sake yi musu a Alwasa a 1805, ga yunwa, ga Zamfarawa da yawa sun juya musu baya. Alibawa kuwa suna can gabas, nesa da Gwandu, ba mai kawo musu gudunmawa da sauri. A cikin wannan hali ne Namoda ya tari rundunar Asbinawa da abokansu a Fafara, kusa da Zurmi, a 1806, ya fatattake su.

A ganinmu wannan rana ita ce mafi girma a ransa. Da an ci Alibawa a nan, da hanya ta yanke tsakanin Shehu da mutanensa na Katsina da Kano. Irin wannan tsayawa ce 'yan samari matuƙa jiragen yaƙi suka yi a samaniyar Ingila a 1940, watau mutane kaɗan su tare ƙofar ƙasa da rayukansu, har fiye da 500 daga cikinsu suka rasu.

A 1808, da Muhammadu Bello ya kewaye Alƙalawa, birnin Gobir da ke arewa da Shinkafi, Namoda ya kawo rundunar Zamfara, Umaru Dallaji ya kawo ta Katsina, ga kuma Aliyu Jedo. Birni ya ci wuta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa.

Namoda bai daɗe bayan wannan nasara ba. Wajen 1810 ya tafi yaƙi Kiyawa, garin da ya ƙi miƙa wuya, can aka kashe shi. Sarautar Kiyawa ɗin nan daga baya ta komo garin da ya kafa a bakin gulbin Gagare, shi ya sa a ke kiran sarkin Ƙauran Namoda Sarkin Kiyawa.