HAJIYA GAMBO SAWABA: MACEN DA TA SHA ƊAURI DON MATAN AREWA SU JEFA ƘURI'A

Duk ranar zaɓe a ƙasar Hausa za ka ga layin mata ya yi tsawo, wani lokaci har ya fi na maza. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da haka, sai muka ɗauka tun asali haka abin yake. Alhali kuwa har aka sami 'yancin kai a 1960, mace a Jihar Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a. In ana lissafin waɗanda suka sha wuya kafin a sami wannan haƙƙi, sunan marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ne kan gaba.

An haife ta a shekarar 1933, kuma sunanta na yanka Hajaratu. Ana kiranta Gambo ne saboda ita ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta, Malam Isa, mutumin Gana ne da aikin reluwe ya kawo shi Nijeriya ya kuma musulunta, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. A Zariya ta tashi, ta shiga makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada. Karatun bai yi nisa ba, domin mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi bayansa da shekara uku. Tana 'yar shekara 13 aka yi mata aure, mijin kuma ya tafi ya bar ta da ciki. Ke nan maraici da auren wuri da katsewar karatu, abubuwan da ta yi rayuwarta tana yaƙi da su, duk ta ɗanɗana su da kanta.

Ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta. Manufarta ita ce ƙwato wa talaka 'yancinsa daga danniyar En'e da Turawan mulkin mallaka, kalmar da ta zama takenta kuwa ita ce sawaba. Gambo ta shiga tana 'yar shekara 17, a lokacin da maza ma ke ɓoye katin jam'iyyar don tsoron 'yan doka. Ba a daɗe ba ta zama shugabar reshen mata, sunan Sawaba kuma ya bi ta. Har Abekuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan garin suka yi bore kan haraji, domin ta ga yadda ake haɗa kan mata.

Aikinta ya kasance shiga gida-gida wurin matan kulle, da hawa kan dandali a gaban maza tana magana. Ta soki auren dole da aurar da ƙananan yara da aikin tilas da harajin zalunci, ta kuma yi kira a sa 'ya'ya mata a makaranta. Wannan ya jawo mata fushin masu mulki. An kama ta a Kano bisa zargin yin taro ba izini, an ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga birnin. Ta sha bulala da duka a hannun 'yan doka da 'yan bangar siyasa, kuma an lissafa ta shiga kurkuku har sau 16. Duk da haka, da zarar ta fito sai ta koma bakin aikinta.

Babbar bukatarta ita ce ƙuri'a. A 1956 ita da matan NEPU sun kai kukansu Kaduna, ofishin Firimiya Sardauna Ahmadu Bello, amma jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokacin bai yi ba. Saboda haka a zaɓen tarayya na 1959 matan kudu suka yi zaɓe, na Arewa suna gida. Sai a 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka ba matan Arewa dama a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu a babban zaɓen 1979. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse. A wannan jamhuriya ta biyu Hajiya Gambo ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Bayan ta bar siyasa, gidanta na Zariya ya ci gaba da zama mafakar marayu da marasa galihu. Ta rasu a watan Oktoba na 2001. An sa sunanta a babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya, da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, wannan baiwar Allah ko firamare ba ta gama ba, amma ta buɗe ƙofar da miliyoyin mata ke bi. Mu da muka yi sakandare, wasunmu har jami'a, nauyin da ke kanmu ya fi nata. Mafi ƙanƙantar abin da za mu yi shi ne mu bar 'ya'yanmu mata su kammala karatu, mu kuma tabbatar matan gidajenmu sun yanki katin zaɓe sun yi amfani da shi bisa ra'ayin kansu. Allah ya jiƙan Hajiya Gambo, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.