Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

A Kano akwai wata babbar makaranta wadda da can a ke kira Midil, daga baya aka sa mata suna Kwalejin Rumfa. Yara da yawa su kan shiga su fita da wannan suna a bakinsu, amma in ka tambaye su ko wane ne mai sunan, sai su yi shiru.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne. Shi ne Sarki na ashirin a jerin sarakunan Haɓe na Kano, ya ci sarauta daga 1463 har 1499. Littafin Tarihin Kano ya lasafta abubuwa goma sha biyu waɗanda shi ya fara su. A ciki akwai kakaki da figini, da kulle, da ba babanni sarauta, da Tara ta Kano, watau manyan 'yan majalisa tara. Ya kuma ƙara faɗin ganuwa. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani.

A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano daga ƙasashen Magrib. Sarki ya karɓe shi da girmamawa, Shehun kuwa ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ga Sarki mai ikon yanka da saki, ga shi kuma yana neman malami ya nuna masa iyakarsa. A ganina wannan kaɗai ya isa a sa wa makaranta sunansa.

Amma tun kafin hukuma ta fara rubuta sunayen mutane a alluna, Kanawa sun riga sun yi nasu. Fadar da ya gina, Gidan Rumfa a ke ce da ita har yau. Jihadi ya zo, mulkin Haɓe ya ƙare a farkon ƙarni na 19, Fulani suka shiga gidan. Turawa suka ci Kano a 1903. Duk da haka ba wanda ya sāke masa suna.

Abin mamaki, aikinsa da ya fi amfanar talakawa ba ya ɗauke da sunansa. Shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, inda fatake su ke kawo gishiri da kanwa da goro, su sayi baƙi da jima. Shekara fiye da 500 ke nan tana ci, Kurmi kawai a ke kiranta.