Charles Sumner, Lauyan da Ya Faɗi a Shari'ar Makaranta

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, tarihin wannan fitowa na wani Ba'amurke ne, Charles Sumner, wanda aka haifa a birnin Boston ranar 6 ga Janairu, 1811. Ya yi sakandare a Boston Latin, ya wuce Jami'ar Harvard, ya zama lauya a 1834. Zaman kotu bai shiga ransa sosai ba, ya fi son karatu da tafiye-tafiye. A Faris ya ga ɗalibai baƙar fata suna ɗaukar darasi tare da Turawa, abin kuwa ya tsaya masa a rai.

A 1849 aka kawo masa shari'ar Sarah Roberts, yarinya baƙar fata 'yar shekara 5, wadda sai ta wuce makarantun Turawa 5 kafin ta kai wadda aka ware wa baƙaƙe a Boston. Shi da Robert Morris, lauya baƙar fata, suka tsaya mata. Hujjarsa ita ce raba yara saboda launin fata yana cusa wa wannan ƙasƙanci, ya cusa wa wancan girman kai, ko da azuzuwan iri ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san haka ne. Kotu dai ba ta yarda ba, sai a 1855 majalisar jihar Massachusetts ta hana wariyar.

A 1851 ya zama sanata, ya sa cinikin bayi da bautar da su a gaba. Bakinsa akwai kaifi, wani lokaci har ya wuce gona da iri. A watan Mayun 1856 ya yi jawabin kwana biyu kan rikicin Kansas, ya ci zarafin Sanata Andrew Butler. Ranar 22 ga watan, ɗan'uwan Butler, ɗan majalisar wakilai Preston Brooks, ya same shi a teburinsa cikin zauren majalisa, ya yi ta dukansa da sanda har ya suma. Tarar dala 300 kawai aka ci Brooks. Sumner ya fi shekara 3 yana jinya, amma jiharsa ta sake zaɓensa, ta bar kujerar ba kowa don duniya ta gani.

Ya shugabanci kwamitin harkokin waje daga 1861, ya kuma matsa har Amurka ta amince da Haiti da Laberiya a 1862. Saɓaninsa da Shugaba Grant ya raba shi da muƙamin a 1871.

Maganar makaranta ba ta bar shi ba. A 1870 ya kawo ƙudurin hana wariya a makarantu, otal-otal da jiragen ƙasa. Ya rasu ranar 11 ga Maris, 1874, ƙudurin na jiran sa'a. An zartar da shi a 1875, amma bayan an cire sashen makarantu. Sai a 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba 'yan makaranta saboda launin fata.